Shagon da ya fara rufewa da ƙarfe 1 na dare: yaushe uwar kamfani take da hurumin karɓe sunanta?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Akwai wata shari'a da aka yi a ƙasar Japan wadda na daɗe ina bibiya, kuma ina so mu tattauna ta, domin ta shafi duk wanda yake kasuwanci da sunan wani kamfani, wato irin yarjejeniyar nan da uwar kamfani take ba mutum aron sunanta da tambarinta da tsarin aikinta, shi kuma ya zuba jarinsa da guminsa, ya riƙa biyan ta wani kaso. Mutumin da abin ya shafa sunansa Mitoshi Matsumoto, kuma tun shekarar 2012 yake riƙe da wani shagon 7-Eleven, kamfanin ƙananan shagunan kayan masarufi, a garin Higashi-Osaka. Ƙa'idar kamfanin a lokacin ita ce shago ba ya rufewa, dare da rana, har ranar sabuwar shekara. A watan Mayu na 2018 matarsa, wadda suke kama aikin tare, ta rasu, ma'aikata kuma suka yi masa wuyar samu kamar yadda suke yi wa kowa a Japan, har aikin ya fi ƙarfinsa. Daga ranar 1 ga Fabrairu, 2019, sai ya fara rufe shagon daga ƙarfe 1 na dare zuwa 6 na safe ba tare da amincewar kamfanin ba. Kamfanin ya gargaɗe shi cewa za a iya soke yarjejeniyar a kuma ci shi tarar yen, wato kuɗin Japan, miliyan 17. Labari ya bazu, jama'a da yawa suka tsaya a bayansa, kamfanin ya sassauta murya. Amma a ranar 31 ga Disamba ta wannan shekarar aka soke yarjejeniyar, kuma dalilin da aka rubuta ba rufe shagon ba ne: an ce ƙorafin masu saye a kansa ya yi yawa, kuma yana ɓata sunan kamfanin a shafinsa na Twitter. Kotun gunduma ta Osaka ta ba kamfanin gaskiya a watan Yuni na 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2023, Kotun Ƙoli ma ta ƙi sauya hukuncin a cikin shekarar. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da wannan hukunci ba, domin ina ganin an hukunta shi ne saboda ya buɗe baki a kan aikin dare. Tambayata gare ku ita ce: wane irin saɓa umarni ne ya isa a raba mutum da sana'ar da ya gina da hannunsa?

Hajiya Mai Gidan Abinci:
Wa alaikumus salam. Baban Khadija, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, kuma babu mai zuciya da ba zai tausaya wa mutumin da ya rasa abokiyar zamansa kuma abokiyar aikinsa ba. Amma bari in yi magana daga ɗaya ɓangaren, domin ni ma, a ƙaramin matsayina, na taɓa ba mutum biyu aron sunan gidan abincina. Shekara goma sha ɗaya na yi ina gina wannan suna, kuma abin da mai saye ya sani kawai shi ne allon da ke ƙofa. Bai san ko ni ce a ciki ba ko wani ne, bai kuma damu ya sani ba. Ɗaya daga cikin mutum biyun nan, da ya ga man girki ya yi tsada, sai ya daina karɓa daga inda muka yi yarjejeniya, ya koma sayen na awo a kasuwa yana maimaita suya da shi har ya yi baƙi. Bai tsaya nan ba, ya ƙara wasu kayan sha da ban san inda ake haɗa su ba, yana zuba su a robobin da ke ɗauke da sunana. Da mutane suka fara ƙorafi, ba sunansa aka riƙa kira ba, nawa aka riƙa kira, har ciniki ya ragu a babban reshen da nake tsaye a kansa da kaina. Wake ɗaya ke ɓata gari. Na yi masa magana da baki sau uku, na aika masa da takarda sau biyu, kafin daga baya na sa aka sauke allon. Har yau danginsa suna ganin zaluntar sa na yi, ni kuwa na san cewa da na ƙyale shi, ɗayar da take bin ƙa'ida ita zan zalunta, domin ita take sayen mai mai tsada kuma ita take ɗaukar baƙin jinin da wani ya jawo. Saboda haka idan aka ce uwar kamfani ta soke yarjejeniya, ba na saurin cewa ƙarfi ta nuna.

Barista:
Na gode wa Baban Khadija da ya kawo batun, kuma Hajiya ta taɓo ainihin inda gizo ke saƙar. Ya kamata mu raba abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne ko an saɓa wani sharaɗi da ke rubuce a yarjejeniya ko a kundin aikin da yarjejeniyar ta jingina da shi. Na biyu shi ne ko saɓawar ta yi girman da za a rushe yarjejeniyar gaba ɗaya saboda ita, domin ba kowane laifi ne yake kai ga saki ba. Na uku shi ne ko an bi hanyar da ta dace, wato gargaɗi a rubuce, da bayyana abin da ake so a gyara, da wa'adin da mutum zai iya gyarawa a cikinsa. Kotunan Japan, idan yarjejeniya ta tsawon shekaru ce irin wannan, suna tambaya ne ko yardar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta rushe har ba za a iya ci gaba da zama tare ba. Abin da ya kayar da Matsumoto shi ne kamfanin ya zo kotu da tarin ƙorafin masu saye da aka rubuta cikin shekaru, ɗaruruwa, a kan yadda yake mu'amala da su, ya kuma nuna cewa an nemi ya gyara bai gyara ba. Kotu ta gamsu cewa hakan ya zubar da mutuncin sunan kamfanin, ta ƙi karɓar hujjarsa cewa ramuwar gayya ce a kan rage awoyi.

Wasu ƙasashen sun rubuta wannan rabe-raben a doka ƙarara. A Ostareliya akwai ƙa'idar da ta zama tilas tun 1998, wadda ta ce idan an saɓa sharaɗi dole a ba mai reshe sanarwa da lokacin gyara, wanda ba lallai ne ya wuce kwana 30 ba, kuma idan ya gyara babu sauran hurumin korarsa a kan wannan laifin. Amma ta ware wasu laifuffuka da ba a jiran gyara a kansu, kamar zamba, da jefa lafiyar jama'a cikin haɗari, da watsar da shagon, da karyewar jari, da rasa lasisin da aikin ba ya yiwuwa sai da shi. A jihar Kalifoniya ta Amurka doka ta ce sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma tun 2016 wa'adin gyaran bai gaza kwana 60 ba. Idan muka ɗora labarin Hajiya a kan wannan sikeli, zuba abin shan da ba a san asalinsa ba a robar da ke ɗauke da sunanta yana kusa da rukunin da ba a jira, kuma duk da haka ta jira.

Baban Khadija:
Barista, Allah ya ƙara basira, na fahimci rabe-raben. Amma ga abin da ya tsaya mini a rai. Ƙorafin nan ba a 2019 aka fara shi ba, an tara shi ne tun farkon buɗe shagon. Idan har ya kai girman da za a kori mutum, me ya sa aka zauna da shi shekara bakwai ana karɓar kason riba daga hannunsa, sai bayan da ya kunyata kamfanin a idon duniya aka tuna da shi? A wurinmu wannan shi ake kira fakewa da guzuma a harbi karsana. Kamfanin da ke da shaguna sama da 20,000 a ƙasa ɗaya, da lauyoyi, da ma'ajiyar takardu, idan ya ƙudurta korar mutum ba zai rasa laifin da zai zaro daga aljihun tebur ba, domin babu mai shagon da zai yi shekara bakwai bai saɓa ko da layi ɗaya na kundin aiki ba.

Ɗalibin Lauya:
Ina neman izinin manya in sa baki. Abin da Baban Khadija yake tsoro ya taɓa faruwa a Ostareliya, kuma a can kotu ta kama kamfanin dumu-dumu. Wani ɗan kasuwa mai suna Jack Cowin shi ne ya kai Burger King, kamfanin gidajen abinci na Amurka, ƙasar a 1971, amma da sunan Hungry Jack's, saboda wani ya riga ya yi rajistar sunan Burger King a can. A 1990 suka sabunta yarjejeniya, wadda ta wajabta masa buɗe aƙalla sabbin shaguna huɗu a kowace shekara, amma kowane sabon shago sai da amincewar uwar kamfanin. Da Burger King ta yi sha'awar shiga kasuwar da kanta, sai a tsakiyar shekarun 1990 ta daina ba shi wannan amincewa, ta hana shi ɗaukar sabbin masu rassa, sannan a 1996 ta ce ta soke yarjejeniyar saboda bai buɗe shagunan da aka yi alkawari ba. A 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar New South Wales ta yanke cewa akwai wajibcin kyakkyawar niyya a cikin yarjejeniyar ko da ba a rubuta shi ba, kuma ikon amincewa ko ƙin amincewa ba makami ba ne da za a ɗaure mutum da shi sannan a zarge shi da ƙin tafiya. An ci Burger King diyyar miliyoyin dala masu yawa, kuma daga baya ta bar wa Hungry Jack's kasuwar ƙasar gaba ɗaya. Abin da na ɗauka daga nan shi ne kotu tana iya leƙa bayan takarda ta ga manufar da ke ɓoye, don haka hujjar Matsumoto ba hujjar banza ba ce tun asali, ko da ba ta yi nasara ba.

Barista:
Ƙanena, ka kawo misali mai kyau, amma ka lura da bambanci guda wanda shi ne ya raba hukuncin biyu. A shari'ar Hungry Jack's, uwar kamfanin ce ta haifar da laifin da kanta: ita ta rufe ƙofa, ita kuma ta ce ba a shiga ba. A shari'ar Osaka kuwa, kamfanin bai tura kowa ya yi sa-in-sa da masu saye ba. Laifin ya fito ne daga hannun mai shagon, ko da a ce kamfanin ya ji daɗin samun sa. Doka a wurare da yawa tana cewa idan dalilin korar gaskiya ne kuma ya isa da kansa, to jin haushin da ke zuciyar mai korar ba ya rushe shi. Ina yarda da Baban Khadija cewa dogon shiru yana da nauyi, domin wanda ya ga laifi ya kau da kai shekara da shekaru ana iya cewa ya yafe haƙƙinsa, kuma saboda haka ne kusan kowace yarjejeniya take ɗauke da sharaɗin da ke cewa shirun jiya ba yafewar gobe ba ne. Wannan sharaɗi yana cikin waɗanda masu karɓar reshe suke tsallakewa ba su karanta ba.

Alhaji Mai Gidan Mai:
Ni ban yi karatun lauya ba, amma na yi shekara ashirin da wani abu ina sayar da mai a ƙarƙashin tutar wani kamfani, kuma abin da ake magana a kai ya taɓa samu na, da laifina. A wani lokaci na ƙarancin mai, sati uku motar kamfanin ba ta zo ba, ga albashin yara, ga bashin banki, ga layin motoci har bakin titi. Sai wani ya yi mini tayin tanka guda daga wata ma'ajiya ta daban, na karɓa, na sauke a tankunan da ke ƙarƙashin allon kamfanin, na sayar. Man ba gurɓatacce ba ne, na auna shi, kuma babu motar da ta lalace. Da jami'in yanki ya zo ya duba littafin sauke kaya da lambar famfo, ya ga lissafi bai yi daidai ba, ban ɓoye masa ba. Abin da ya faɗa mini a ranar ban manta ba: wanda ya tsaya a famfona ya biya kuɗinsa ne a kan cewa man kamfanin zai sha, ni kuwa na ba shi na wani ba tare da ya sani ba, kuma da man ya zo da ruwa a ciki, kamfanin za a kai ƙara. An ba ni takardar gargaɗi, an dakatar da ni na ɗan lokaci, aka ce in na sake za a cire tuta. Na ji zafi a lokacin, domin su ne suka fara saɓa alkawarin kawo kaya, kuma har yau ina ganin ya kamata yarjejeniya ta faɗi abin da dila zai yi idan kamfani ya kasa kawo mai. Amma ban taɓa iya gaya wa kaina cewa abin da na yi daidai ne ba. Bambancina da mutumin Japan shi ne shi ya rufe ƙofa ne, kowa yana gani, bai yaudari kowa ba. Ni kuwa na bar ƙofa a buɗe na sauya abin da ke ciki. A ganina nawa ya fi nasa nauyi, amma ni aka bar ni, shi aka kore shi.

Barista:
Alhaji, ranku ya daɗe, wannan gaskiya da kuka faɗa ta fi dogon sharhi amfani. A Amurka akwai dokar tarayya ta 1978 da ta keɓanta da dillalan gidajen mai, kuma a cikin dalilan da ta amince a soke yarjejeniya saboda su har da gurɓata mai da gangan da sayar da man wani da sunan kamfanin, ko da yake a ƙa'ida sai an ba dila sanarwar kwana 90 kafin a soke, sai dai inda jiran bai dace ba. Wato ko a can, abin da kuka yi yana cikin manyan laifuffuka, kuma abin da ya cece ku, a fahimtata, shi ne kun amsa, kun daina, kuma kamfanin ya san cewa shi ma hannunsa ba a wanke yake ba.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Allah ya saka wa Alhaji da alheri a kan faɗin gaskiya ko da a kan kansa. Ina so in tuna mana cewa a addininmu cika alkawari ba zaɓi ba ne, domin Suratul Ma'ida ta buɗe ne da umarnin cika ƙulle-ƙullen alkawari, kuma hadisi ya zo cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu, sai dai sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. Wanda ya sa hannu a kan cewa ba zai sayi kaya a wani wuri ba, ko ba zai sauya girki ba, to ya ɗaure kansa, kuma samun araha a wani wuri ba uzuri ba ne. Sai dai alkawari igiya ce mai baki biyu. Ƙa'idar malamai ce cewa ana gusar da cuta, kuma tsanani yana jawo sauƙi, don haka mutumin da ya kai matsayin da tsayuwar dare za ta halaka shi yana da haƙƙin a saurare shi. Abin da nake ganin ya dace da shi shi ne ya nemi sassauci a rubuce, ya kafa shaidu, idan an ƙi ya kai gaban mai raba gardama, kafin ya yanke hukunci da kansa. Kamfanin kuma, idan ya san cewa sharaɗinsa yana karya bayin Allah amma ya nace a kansa don ribarsa kaɗai, to ko kotu ta wanke shi akwai sauran hisabi.

Maman Sadiƙ:
Ni ma'aikaciyar lissafi ce, kuma ina so in kawo abin da lissafi yake nunawa, domin shi ne yake bayyana dalilin da ya sa ɓangarorin biyu ba sa ganin dare da ido ɗaya. A tsarin shagunan nan na Japan, uwar kamfani tana ɗaukar kasonta ne daga ribar da ke tsakanin kuɗin sari da kuɗin sayarwa, kafin a cire albashin ma'aikata, kuma albashin yana wuyan mai shago. Saboda haka idan an sayar da kwalbar ruwa goma kacal tsakanin ƙarfe 1 da ƙarfe 6, kamfani ya ci riba, mai shago kuwa ya biya mutum albashin awa biyar daga aljihunsa. Wannan ya sa nake cewa ba kowane abin da aka kira saɓa ƙa'ida ne yake cutar da suna ba. Wani yana rage kuɗin shigar kamfani ne kawai.

Akwai misali a Japan ɗin da ya fi fitowa fili. Abincin da ya kusa lalacewa, masu shaguna sun so su karya farashinsa su sayar maimakon su zubar, domin asarar zubarwar a kansu take faɗawa, kamfanin kuma ya riƙa matsa musu kada su yi. A watan Yuni na 2009 hukumar kula da adalcin kasuwanci ta Japan ta umarci 7-Eleven ya daina wannan matsin, ta ce amfani ne da fifikon ƙarfi a kan na ƙasa. Wato abin da jiya ake kira aiki ba da izini ba, hukuma ta ce haƙƙin mai shago ne. A 2020 hukumar ta sake bincike, ta ce tilasta buɗewar awa 24 tare da ƙin zama a tattauna yana iya saɓa wa dokar hana danniya a kasuwa. Don haka kafin a tambayi ko mai reshe ya karya sharaɗi, a fara tambaya ko sharaɗin kansa yana tsaye a gaban doka.

Hajiya Mai Gidan Abinci:
Maman Sadiƙ, 'yar'uwa, na yarda da ke a kan farashi da awoyi, kuma ni ban taɓa tsayawa a kan lokacin buɗewa ko rufewa ba, domin mai reshe ya fi ni sanin unguwarsa. Inda ba na sassautawa shi ne abin da zai shiga cikin mutane da abin da ke ɗauke da sunana. Ko manyan kamfanoni a nan suka fi tsayawa. McDonald's ta raba gari da mutumin da ya fara buɗe mata shaguna a Paris, Raymond Dayan, a farkon shekarun 1980, a kan tsafta da ingancin abinci, kuma kotu a Amurka ta ba ta gaskiya bayan an gabatar da rahotannin masu duba shagunan. Mutumin yana ciniki sosai, amma yawan ciniki bai wanke ƙazantar kicin ba. Irin wannan ita ce korar da nake kare wa, ba kowace kora ba.

Barista:
Tunda da yawa daga cikinmu a Najeriya muke harka, bari in faɗi yadda abin yake a nan. Kotu tana komawa ne ga dokar kwangila ta gama-gari da abin da aka rubuta, kuma alƙalanmu ba sa son rubuta wa mutane yarjejeniyar da ba su rubuta wa kansu ba, don haka wanda ya dogara da cewa kotu za ta tausaya masa kamar yadda aka yi wa Hungry Jack's ya jingina da abin da ba shi da tabbas. Idan uwar kamfanin ta ƙasar waje ce, ana yi wa yarjejeniyar rajista a hukumar NOTAP, mai kula da yarjejeniyoyin shigo da fasaha daga waje, wadda aka kafa a 1979, domin da wannan rajistar ake samun damar aika kuɗin suna waje ta hanyar banki. Dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018 kuma ta hana mai kaya ya tilasta wa dila mafi ƙarancin farashin da zai sayar, wanda ya yi kusa da maganar Maman Sadiƙ.

Abin da nake gaya wa duk wanda ya kawo mini irin wannan takarda kafin ya sa hannu shi ne ya nace a raba laifuffuka gida biyu a rubuce, waɗanda ake gyarawa da waɗanda ba a jira, a kuma faɗi kwanakin gyaran da lamba. Ya duba ko kamfanin yana da ikon sauya kundin aiki shi kaɗai, domin ta nan ne sabon sharaɗi yake shigowa bayan an sa hannu. Idan yana so ya rufe lokacin sallar Juma'a, ko ya sauya awoyi a watan azumi, ko ya sayi kaya a wani wuri idan kamfani ya kasa kawowa kamar yadda ya sami Alhaji, to a rubuta shi tun ranar farko, kada ya dogara da cewa jami'in yanki mutumin kirki ne, domin jami'i yana sauyawa. Duk izinin da aka ba shi da baki ya bi shi da wasiƙa a ranar.

Baban Khadija:
Na saurari kowa, kuma zan amsa cewa na sauka daga wani ɓangare na matsayina. Idan da gaske ne mu'amalarsa da masu saye ta kai yadda kotuna uku suka gani, to ba zan ce kamfanin ba shi da dalili ba. Abin da ban sauka daga kansa ba shi ne cewa a kan maganar dare shi ne mai gaskiya, kuma abin da ya biyo baya ya nuna haka. A watan Afrilu na 2019 aka sauya shugaban 7-Eleven na Japan, ma'aikatar tattalin arziki ta nemi manyan kamfanonin shagunan su kawo tsarin magance matsalar, kuma kafin ƙarshen shekarar kamfanin da kansa ya fito da hanyar da mai shago zai bi ya rage awoyi. Wasu sun samu barcin dare ta dalilinsa, shi kuwa ya rasa shagon. Abin da ya fi taɓa ni shi ne a watan Mayu na 2021, yana cikin shari'a ya ƙi fita daga ginin, sai kamfanin ya kafa shagon wucin gadi a filin ajiye motocin da ke gabansa ya ci gaba da ciniki, abin da ya yiwu saboda filin da ginin ba a hannun Matsumoto suke ba tun asali. Kayan aro ba ya rufe katara. Barista, ina roƙon ka ƙara a jerinka cewa mutum ya san wanda ke da ƙasa da gini kafin ya san komai.

Hajiya Mai Gidan Abinci:
Wannan maganar ta gini ta tuna mini da abin da ya fi wahalar da ni bayan na sauke allon, domin sauke allo bai kawo ƙarshen rigimar ba. Mutumin ya rage da robobi da ledoji masu sunana kusan buhu shida, da rigunan ma'aikata, da lambar wayar da masu oda suka saba kira, kuma babu layi ɗaya a takardarmu da ya faɗi makomar waɗannan. Wata biyu ya yi yana sayar da abinci a cikin ledojina bayan mun rabu. Na tuna cewa ko McDonald's, da ta soke yarjejeniyar shaguna 169 a arewaci da gabashin Indiya a watan Agusta na 2017, abokin hulɗarta Vikram Bakshi ya ci gaba da buɗe su da sunanta, ba a rabu ba sai da ta sayi kasonsa a 2019. Ni ba ni da kuɗin shari'a, don haka dattawan unguwa biyu na ɗauka muka je, na sayi ragowar ledojin da robobin a kan kuɗin da ya buga su, ya miƙa mini layin wayar, na yafe masa kuɗin sunan wata uku da nake bin sa. Barista, ɗayar da ta rage, yarjejeniyata da ita za ta ƙare bayan babbar sallah, kuma ina so kafin mu sabunta in kawo maka takardar ka saka mana wannan sashen, da na kwanakin gyara, ita ma ta zo da wanda zai karanta mata nata ɓangaren.